Inci Huɗu Tsakanin Baba da Motarsa

Yayana ya kawo mai sayen motar Baba ranar Litinin da hantsi, ba tare da ya gaya wa kowa ba. Ina ɗaki a kan keken ɗinki na ji ƙarar get, sai kuma na ji wani ya yi tuntuɓe ya ce, "Wash!" Nan na san baƙo ne. Duk wanda bai saba da gidanmu ba sai dokin ƙofa ya gaishe shi. Tudu ne na siminti da Baba ya gina a bakin get tun shekarar da ruwan sama ya shigo mana har ɗaki, kuma da yake Baba ba ya aiki rabi da rabi, sai ya yi shi kamar mai shirin tare kogi.

Na leƙa ta taga. Wani gajeren mutum ne mai kiwon kaji, yana zagaya motar, yana duƙawa yana leƙen ƙarƙashinta. Ƙaramar mota ce, fentinta ya koɗe, amma tsaye take ƙiƙam kamar wadda ta sa takalmi mai tsini. Abin da ya ja shi ke nan.

"Haka nake so," in ji shi. "Hanyar gonata duk rami ce. Wannan ko me na loda mata, cikinta ba zai taɓa ƙasa ba."

"Aikin mahaifinmu ne," in ji Yaya. "Shi ya ɗaga ta da hannunsa."

Mahaifin namu kuwa yana baranda a kan keken guragu, taku biyar daga inda suke, yana jin komai. Wata bakwai ke nan da ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Hannun da ƙafar sun daina jin magana, bakin ma ya tafi da kusan duk kalmominsa. Abin da ya rage masa shi ne "to", da "a'a", da "kaɗan", da wata ashar guda ɗaya da ba zan rubuta ba. Amma kansa garau yake. Wannan ne mutane suke mantawa, shi ya sa suke maganarsa a gabansa kamar suna maganar kujera.

Shekara talatin da biyar Baba yana kanikanci, kuma da yawa ba su san sunansa ba sai Mai Ɗagawa. Mai mota zai zo yana kukan cikinta na gogar ƙasa, Baba ya sa mata dogon sifirin, ya ƙara ƙarfe a saman shokazoba, ta fita tana taƙama. Samarin da ke son a sauke motocinsu ƙasa don gayu kuwa, ko zama ba ya ba su. "Mota kuke so ko kunkuru?" yake ce musu, ya nuna musu hanya da sifana. Ni na tashi a garejin nan ina miƙa masa kayan aiki, kafin ɗinki ya ɗauke ni. Yaya kuwa tun yana yaro ba ya son maiƙo a rigarsa.

Na jira mai kaji ya tafi. Ya ce zai dawo Asabar ya ɗauka. Ya sake tuntuɓe a hanyar fita, abin da ya ɗan sanyaya mini rai.

"Yaya, wa ya ce ana sayar da motar nan?"

"Auta, kada ki fara." Ya cire tabarau ya goge. "Wata bakwai tana tsaye tana cin rana. Baba ba ya iya shiga. Kin manta ranar asibiti?"

Ban manta ba. Ranar nan maza uku suka ciccibi Baba daga keke, ɗaya a hammata, biyu a ƙafa, suka tura shi cikin motar kamar buhu, wandonsa ya zame a gaban maƙwabta. Na ga hawayensa ta madubi. Tun daga ranar ya ƙi yarda wani ya ɗaga shi. Ko an ce za a kai shi gareji ya ga mutane, sai ya riƙe ƙarfen baranda da hannun hagu ya ce a'a. Ba fitar ce ba ya so ba. Kowace safiya idonsa na kan get.

"In ka sayar da ita," na ce, "ka rufe shi a barandar nan ke nan har ya mutu."

"Ki iya bakinki. Ni nake biyan kuɗin asibiti, ni nake sayen magani. Ba ƙiyayya ba ce. Mota ce da ba ta da amfani."

Gaskiyarsa ce, Yaya bai taɓa gazawa da Baba ba. Matsalarsa ɗaya, in ya yanke magana shi kaɗai a ofis, gani yake duniya duka ta sa hannu.

"In ya shiga da kansa fa?" na ce. "Ba wanda ya taɓa shi?"

Ya yi dariya, ba ta mugunta ba, irin wadda ake yi wa ƙanwa. "In ya shiga da kansa, na janye. Kina da nan da Asabar."

Bai san abin da na sani ba, don shi da yamma yake zuwa. Matar da ke zuwa yi wa Baba gashin ƙashi ta koya masa wata dabara. Akwai wani santsin katako da ake shimfiɗawa tsakanin gado da keke, Baba ya dafa hannun hagu, ya ja jikinsa a kai kaɗan-kaɗan har ya ƙetare. Shi kaɗai yake yi yanzu, safe da yamma. Sharaɗin kawai, wuraren biyu su zama kusan daidai. Ta ce in bambancin ya wuce inci ɗaya ba zai iya haurawa ba.

Da Yaya ya tafi na ɗauko tef ɗin ɗinkina. Daga ƙasa zuwa mazaunin keken Baba, inci ashirin da ɗaya. Daga ƙasa zuwa kujerar motar, ashirin da shida. Na rubuta a bango da allin ɗinki, na tsaya ina kallo. Inci huɗu nake nema. Tsawon da nake ragewa a ƙafar wando ban ko yi tunani ba, shi ne ya tsare mahaifina wata bakwai.

Na durƙusa a gabansa. "Baba, zan sauke motarka ƙasa."

Ya kalle ni. Ya kalli motar. Sai ya saki ashar ɗin nan tasa, cikakkiya, har maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga.

"Ka zage ni in ka ga dama," na ce. "Ko ta zama kunkuru, ko mai kaji ya loda mata ƙwai ranar Asabar. Zaɓi ɗaya."

Ya daɗe bai motsa ba. Ban san abin da ya fi yi masa ciwo ba, a sayar da motar ko a warware aikin da ya yi suna a kai. Can sai ya miƙo hannun hagu, ya karɓi allin daga hannuna. Ya sunkuya, ya fara zane a kan simintin baranda. Rubutu ya gagare shi tun da ya kwanta, amma zane bai gagare shi ba. Ya zana jak. Ya zana sifana uku. Ya zana ƙarafan nan biyu masu ƙugiya da ake matse sifirin da su, ya zana giranda mai yankan ƙarfe. A ƙarshe ya zana ƙatuwar guduma, ya zagaye ta sau biyu.

"Guduma kuma? Me za mu yi da ita?"

"To," in ji shi, ya mayar mini da allina.

Washegari na fara biyawa shagon kayan gyara, don in da hali gara a sayi gajeren sifirin da aka ƙera don wannan aiki. Mai shagon ya faɗi kuɗinsa, na ji kamar ya ce in sayar da keken ɗinkina in ƙara da gado. Ya ga fuskata, sai ya ce, "Ko dai ɗanki ne ke son gayu?" Na ce masa tsohona ne ke son gayu, na fita na bar shi baki buɗe.

Garejin Baba na nan yadda ya bar shi, rumfar kwano da benci da akwatin ƙarfe. Mai walda da ke maƙwabtaka da shi shekara talatin shi ke riƙe da makullin. Kawu muke ce masa. Da na gaya masa abin da zan yi, sai da ya zauna don dariya.

"Mai Ɗagawa zai sauke mota! Wallahi sai na je na gani da idona."

Shi ya kwaso kayan a motarsa, har da gudumar da sai da muka kama ta mu biyu. Ya kuma ɗoro tulun gas ɗinsa ba tare da an ce ya kawo ba. Da muka isa gida suka gaisa, Kawu ya riƙe hannun Baba ya daɗe bai saki ba. Sannan ya koma halinsa.

"'Yata, ki huta da wahala. Minti goma ne. In hura wa sifirin wuta yana jikin motar, ya yi ja, nauyinta ya danne shi. Ko taya ba sai an cire ba. Haka nake yi wa samarin da ubanki ke kora."

"A'a," in ji Baba.

"Kai dai ka cika..."

"A'a!" Ya bugi hannun keken har katakon da ke jingine ya faɗi.

Na san dalili, don na sha jin faɗan nan tun ina yarinya. Wuta kashe ƙarfen sifirin take yi. Zai sauka, amma kowane ɓangare da nasa saukar, kuma wata rana a tsakiyar titi zai karye. Kawu ya mayar da tulunsa mota yana gunaguni, wai mutum bakinsa ya tafi amma taurin kansa na nan. Baba ya yi murmushi da rabin fuska. Rabona da ganin murmushin nan har na manta.

Ranar Laraba muka fara, a tsakar gida, Baba na daga baranda yana ba da umarni da yatsa. Kawu ya tsaya ya nuna mini yadda ake matse sifirin, noti na dama kaɗan, na hagu kaɗan, kada a taɓa sa fuska a saitinsa, don in ya kuɓuce ba ya tambayar sunan mutum. Da muka gama ƙafa ɗaya ya ce aiki na jiransa, ya tafi. Sauran ukun ni na yi. Na ɗaga motar, na tokare ta da itace, na cire taya, na kwance shokazoba, na zare ƙarfen da Baba ya ƙara a samansa. Notin ya yi tsatsa, sai da na hau sifana da ƙafa. Duk wanda na zare sai in kai wa Baba. Ya juya shi a hannu, ya shafa wurin da ya goge da kansa shekarun baya, ya ajiye a cinyarsa.

Da yamma na sauke motar na auna. Ashirin da huɗu. Inci biyu sun tafi ban kashe ko sisi ba. Saura biyu, kuma waɗannan sai an yanka.

Alhamis da safe wata da ta kawo mini ɗinki ta zo karɓar rigarta, ta tarar da ƙafafuna kawai a waje, sauran jikina na ƙarƙashin mota. Ta yi sallama sau biyu tana neman tela. Da na fito ta ga fuskata, ta riƙe baki.

"Ke kuwa me ya yi zafi? Ba maza a gidan ne?"

"Ga shi can," na ce, na nuna Baba. "Shi ne mai aikin. Ni hannu kawai na ara masa."

Ta tafi ba riga, ta ce za ta kai wa wata. Na ce Allah ya raka taki gona a zuciyata, a fili kuma na ba ta haƙuri.

Yankan sifirin aiki ne mai cin rai. Ba yankan ne wahala ba, wannan minti biyu ne. Za ka kwance komai, ka fitar da sifirin, ka yanke ɗan guntu daga ƙarshensa, kana yi kana zuba ruwa kada ya yi zafi, ka goge bakin, ka shafa fenti don tsatsa. Sannan ka mayar da komai, ka sauke motar, ka tura ta gaba da baya, ka danna ta ta zauna, ka auna. In bai kai ba ka sake daga farko. Kuma abin da ka yi wa dama sai ka yi wa hagu daidai wa daida. Nakan kai wa Baba sifirin a cinya, ya bi zagayen ƙarfen da yatsa, ya sa alli a inda zan yanka. Kullum rubu'in zagaye. Kullum kalma ɗaya.

"Kaɗan."

Na yanka, na mayar, na auna. Rabin inci. Na sake kwancewa.

"Kaɗan."

Ranar Juma'a da azahar muna kan ashirin da uku, tafin hannuna ya yi ƙulu-ƙulu ya fashe, bayana kamar an daka. Gobe Asabar. Na karɓe allin daga hannunsa, na ja layi a cikakken zagaye guda, na kunna giranda. Ban kai ga ƙarfen ba na ji abu ya same ni a ƙeya. Takalminsa ne. Da hannun hagu ya jefo, kuma bai kuskure ba.

Na kashe injin na juyo. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ban ɓoye ba.

"Baba, ni ma mutum ce! Kwana uku ina kwance a ƙasa. Na kori masu kawo ɗinki, hannuna jini yake yi. Kai kana zaune kana ce mini kaɗan, kaɗan. Gobe za su zo su ɗauke ta, ka ji ko ba ka ji ba?"

Da kalmar "zaune" ta fita na so in kamo ta, amma ta riga ta tafi. Baba bai yi fushi ba. Ya nuna rigar da ke jikina, ya yi alamar almakashi da yatsu biyu, sannan ya buɗe tafin hannunsa ya girgiza kai. Na gane. Ni da nake faɗa wa masu koyon ɗinki su rage kaɗan su gwada, don abin da almakashi ya ci ba ya dawowa. In sifirin ya gajarce fiye da kima, zai yi lilo a mazauninsa, ranar da taya ta faɗa rami ya fice. Kuma ba mu da wani.

Na ɗauko takalmin na sa masa a ƙafa. Na ce ya yi haƙuri. Ya dafa kaina da hannun nan mai ƙarfi, ya ɗan tura shi, kamar yadda yake yi mini ina ƙarama in na miƙo masa sifanar da ba ita ba. Na goge layina, ya ja nasa.

Sau biyu muka ƙara. Kafin rana ta faɗi na sauke motar, na hau gabanta na yi tsalle, na hau bayanta na yi tsalle, na auna. Ashirin da biyu cif. Baba ya sa na sake ɗaga kowace ƙafa na girgiza sifirin da hannu, ya ga ba ya motsi, sannan ya ce to. Na tattara kayan aiki. Gudumar na nan jingine da bango inda muka ajiye ta tun Talata, ba wanda ya taɓa ta. Na ce a raina tsufa ne, ya zana ta ne kawai don ya saba ganinta.

Asabar da safe suka zo. Mai kaji ya tsallake dokin ƙofa a hankali wannan karon, ya ɗago kai, ya tsaya.

"Ina motar?"

"Ga ta nan," in ji Yaya, amma muryarsa ta sauka a tsakiyar maganar.

Mai kaji ya duƙa ya leƙa, ya sa hannu tsakanin taya da jikin motar, yatsu biyu suka shiga da ƙyar. Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa. "Wannan ko a titin gari sai an yi mata addu'a. Ku yi haƙuri." Ya gaida Baba, ya fita.

Yaya ya juyo kaina. Ban taɓa ganin idonsa ya yi ja haka ba.

"Me kika yi?"

"Na yanke mata sifirin."

"Kin yanke? A mayar da shi yanzu!"

"Ba ya mayuwa, Yaya. Ga guntayen can a kwano in kana so."

"Kin lalata motar! Abu ɗaya da ya sa take da daraja shi kika cire. Wa ya ba ki izini?"

"Mai ita."

Na tura keken Baba zuwa ƙofar gaba ta dama, na danne birki, na cire hannun keken na gefe. Na shimfiɗa katakon, baki ɗaya a ƙarƙashin cinyarsa, ɗaya a kan kujerar motar. Sannan na ja da baya na harɗe hannuwana, don kada su yi abin da ban sa su ba.

Baba ya dafa kujerar motar da hannun hagu. Ya ja. Jikinsa ya matsa kamar faɗin tafin hannu. Ya huta, ya sake ja. A tsakiyar katakon ya karkata, kafaɗarsa ta dama ta yi baya, Yaya ya zabura zai tare shi.

"Kada ka taɓa shi," na ce.

"Zai faɗi!"

"A'a," in ji Baba, bai ko kalle shi ba.

Gumi ya jiƙa wuyan rigarsa. Ya cije leɓe, ya gyara zama, ya sunkuyar da kai don kada ya bugi saman ƙofa. Ja uku ya ƙara. Sai ga shi a kan kujera. Ya sa hannu ya ɗago ƙafar hagu ciki, ya kamo wandon ƙafar dama ya jawo ta, ta shiga. Ya zauna yana haki. Sannan ya miƙa hannu ta kan jikinsa ya ja ƙofar da kansa, ta rufe.

Yaya ya cire tabarau, ya mayar, ya sake cirewa. Ni kuwa daɗi ya cika ni. Na naɗe keken na sa a baya, na buɗe get duka biyu, na shiga na tayar da mota. Kawu ya riga ya yi mata cajin batir. Na ce, "Baba, gareji." Na saki kuloci.

Tayoyin gaba suka hau dokin ƙofa, suka sauka ta waje. Sai muka ji ƙara daga ƙarƙashinmu, ƙarfe a kan siminti, har cikin haƙorana. Motar ta tsaya cak. Cikinta ya zauna a kan tudun. Na ƙara wuta, ta yi kuka, ba ta motsa ba. Da ƙyar na samu ta koma baya cikin gida.

Na fito na tsaya ina kallon farin layin da ta bari a kan simintin. Kwana huɗu ina auna kujera, ban taɓa auna ƙofar da za mu fita ba. Tudun da nake tsallakewa kullum tun ina yarinya. Sai yanzu na tuna, shekarar da Baba ya gina shi ita ce shekarar da ya ɗaga motar. Kunya da baƙin ciki suka taso mini lokaci guda.

"To ga shi nan," in ji Yaya a hankali. "Ya shiga. Sai ina?"

Sai hon ya yi ƙara. Baba ne ya miƙo hannu ya danna. Muka juya. Yana kallona ta gilashi, rabin fuskarsa na dariya. Ya ɗaga yatsa ya nuna bango, inda gudumar ke jingine.

Na kalle ta, na kalle shi. Tun ranar Litinin ya sani. Tun kafin in kwance noti ɗaya ya riga ya lissafa har bakin get, ya kuma yanke hukunci a kan tudun da ya gina da hannunsa.

Na je na jawo ta.

"Auta, kina hauka ne?" Yaya ya sha gabana. "Damina ta kusa. Kin san abin da ruwa ya yi mana. Har ɗaki zai shigo."

"Ya shigo. Ni zan kwashe."

"Baba, ka ga abin da za ta yi?"

"To," in ji Baba.

Bugun farko gudumar ta yi tsalle ta kusa ɗauke ni, simintin ko gezau. Baba bai yi ha'inci a kwaɓinsa ba, na kuwa zage shi a zuciya saboda haka. A bugu na shida ya tsage. Daga nan ya fara ɓarewa. Maƙwabta suka fito suka yi cirko-cirko. Tsumman da na ɗaure hannuna da shi ya jiƙe da jini. Yaya ya daɗe tsaye, sannan ya naɗe hannun farar rigarsa ya miƙo hannu.

"Kawo."

"Bari. Ni na fara."

Ya tsaya yana kallona kamar yau ya fara ganina. Sai ya yi tsaki, ya shiga bayan gida ya ɗauko shebur. Ina fasawa yana kwashewa, yana faɗin ba wai ya yarda ba ne, kuma in ruwa ya shigo kada wanda ya kira shi a waya. Baba na cikin mota duk tsawon lokacin, ya sauke gilashi, ya ƙi fitowa. In na tsaya hutawa fiye da kima sai ya danna hon.

Rana ta take tsaka kafin bakin get ya baje. Na jefar da gudumar, na shiga mota da ƙura har a gira. Na tayar, na taka kuloci, na kai hannu zan sa giya. Sai na ji hannu a wurin. Hannun Baba ne na hagu, ya riga ya kama kan giyar, kuma ba shi da niyyar saki.

Na mayar da hannuna kan sitiyari. Ya tura ta ta farko, ta shiga sumul. Muka bi ta kan ɓaraguzan, salansa ta ɗan gogi wani dutse, Baba ya saki ashar ɗinsa cikin jin daɗi. A madubi na hango Yaya tsaye a bakin get da shebur, rigarsa ta yi baƙi. Titi ya miƙe a gabanmu, injin ya fara ɗaga murya.

"To," in ji Baba.

Na taka kuloci, ya sa ta biyu.